Kwamitin Duba Hannun Nuriyya

Ranar Talata da la'asar kaskon suyar aloko, wato soyayyar agada, ya kife a hannun daman Nuriyya, kuma duk wanda ke gidan hayar Alhaji Baraka na Williamsville ya ji ihun da ta kurma. Ɗaki goma sha ɗaya ne a gidan, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Amma da aka zo maganar daga baya sai ya zamana babu wanda ya ji komai. Wannan tana banɗaki, wancan rediyonsa na kunne, wata kuma ta rantse ta ɗauka akuya ce. Gidan da ko kaza ba a kiwo a cikinsa.

Zuwaira mai waina ta ji, kuma ita ba ta da hanyar yin ƙarya, don ƙofar ɗakinta ce ke kallon murhun. Ta fito a guje ta tarar da yarinyar tana tsalle wuri ɗaya, hannu a sama, fatar ta yi fari ta tattare. Shekarar Nuriyya tara. Hajiya Salamatu, matar mai gidan, ita ta ɗauko ta daga wani ƙauye kusa da Tasawa da sunan za ta sa ta lekol, wato makarantar boko. Shekara uku ke nan, kuma a gaskiya kullum Nuriyya tana zuwa lekol, don a bakin ƙofarsa take tallan soyayyar agadar Hajiya.

Hajiya ta fito daga falonta, ta fara duban man da ya malale a ƙasa, ta yi salati, sannan ta dubi yarinyar.

"Hajiya, a kai ta lopital," in ji Zuwaira, tana nufin asibiti.

"Lopital kan ɗan wannan? Mu da muka girma a gindin murhu, wa ya kai mu lopital?"

Ta sa aka ɗauko man goge baki ta lafta wa ƙunar, ta fasa ɗanyen ƙwai a kai, ta naɗe da tsumma. "Wala, shi ke nan. Gobe ta warke."

Gobe ta zo, hannu bai warke ba. Sai Hajiya ta tuna cewa babu abin da ƙuna ke so kamar ruwan sanyi, saboda haka wanke-wanken gidan ya zama magani, safe da yamma. Ranar Juma'a Zuwaira ta tarar da Nuriyya a famfo tana cuɗa tukunya da hannun hagu, na daman ya kumbura ya yi suntum kamar ƙullin da ya kwana. Ta ce mata, "Yana ciwo?" Yarinyar ta waiga ta dubi tagar Hajiya tukuna, sannan ta ce, "A'a, Tanti."

Zuwaira mace ce mai baki, duk layin 'yan goro na kasuwar Adjamé sun san haka. Amma teburin wainarta a ƙofar shagon goron Alhaji Baraka yake shekara takwas, ɗakin da take kwana ma nasa ne. Tsoro ya kama ta, ba ta kuma ɓoye wa kanta ba. Sai ta bi hanyar da kowa ke bi. 'Yan Nijar na unguwar suna da kwamitinsu, wanda suke kira komite, mai raba rigima da shirya jana'iza, kuma doka ce a tsakaninsu ba a kai maganar ɗan gida gaban hukuma sai komite ya duba.

Shugaban komite, Alhaji Mati mai atamfa, ya saurare ta a shagonsa. Tun kafin ta kai ƙarshe ya buga tebur har almakashi ya faɗi.

"Innalillahi! 'Yar mutane, amana a hannunmu? Wace azzaluma ce wannan?"

"Hajiya Salamatu."

Alhaji Mati ya sunkuya ya ɗauki almakashin, ya goge shi, ya gyara hularsa wadda ba ta karkace ba. Salamatu ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

"Bon," in ji shi. "Ba a yanke hukunci da ka. Za a yi anket, bincike sosai. Ni da kaina zan jagoranta, da Malam Zainulabidin, da sakatarenmu Ɗantani."

"Alhaji, kai fa yayanta ne. Malam kuwa bara Alhaji Baraka ya yi wa makarantarsa rufin kwano. Shi ko Ɗantani ƙanwarku yake aure."

"To ai shi ne, Zuwaira! Wa ya hi mu saninta? So kike a ɗauko baƙo wanda bai san halinta ba ya yi ta lalube? Ni da aka haihe ta a gabana?"

Malam Zainulabidin, da ke zaune a gefe yana jan carbi, ya ce rufin kwano don Allah aka yi, ba don shi ba, kuma idan ya ga gaskiya zai faɗe ta ko da ruwa zai koma zubo wa ɗalibansa. Yana gama faɗa ya leƙa waje ya dubi sama. Damina ce, hadari ya haɗu ta gabas.

Wata dokar komite kuma ita ce ba a faɗa wa gidan dattijo ba sanarwa, wannan rashin tarbiyya ne. Saboda haka aka tura Ɗantani ya sanar da Hajiya ranar da za a zo, da lokacin, da abin da za a duba. Ita kuma ta tambaye shi ko Yaya har yanzu likita ya hana shi yaji.

Ranar Lahadi masu bincike suka iso cikin manyan riguna. Suka tarar da Nuriyya zaune kan darduma a falo, wurin da ba ta taɓa zama ba sai dai ta share shi, sanye da kayan Sallar jikar Hajiya. Hannayenta biyu naɗe suke cikin baƙar leda har gwiwar hannu, an ɗaure da ƙyalle.

"Ƙunshi na yi mata, Yaya," in ji Hajiya. "Ka san ba na bambanta ta da jikokina."

Ba ƙarya ta yi ba. Hajiya ba ta yin abu rabi-rabi, lallen gaske ta kwaɓa ta lafta a kan ɗanyen ciwon.

Alhaji Mati ya juya ya dubi abokan aikinsa. "Kun gani? Ga wadda ake cewa ana zalunta. Ɗantani, rubuta."

Zuwaira, da ke tsaye a bakin ƙofa ba wanda ya ce ta shigo, ta ce, "A kwance ledar."

Mazan uku suka dube ta kamar ta ce su yi salla ba alwala. Namiji da gemunsa ya sa hannu a ƙunshin mata? Ina aka taɓa yi? Hajiya ta ƙara da cewa ai bai ma kama ba, sai gobe, in aka kwance yanzu an yi asarar lalle. Duka suka yarda asarar lalle ba abin wasa ba ce.

Daga nan aka shigo da aceke, dambun rogon nan, da gasasshen kifi, da dafa-duka, da zoɓo mai ƙanƙara. Hajiya da kanta ta ɗauko tiren, abin da 'yan haya ba su gani ba tun zuwan Nuriyya. Alhaji Mati, bakinsa cike, ya tambayi yarinyar, "Ke, ana ba ki abinci?" Hajiya na tsaye a bayansa, ido a kanta.

"Ana ba ni."

"Rubuta, Ɗantani."

Rahoton binciken, wato rapor, ya fito shafi ɗaya. Layi uku kan yarinyar, sauran sunayen waɗanda suka halarta ne da muƙamansu, ga shatin man kifi a ƙasa kamar hatimi.

Bayan tafiyarsu Hajiya ta kwance hannun hagu don a samu na aiki, ta bar ledar a na dama. Ta ce iska ce ke ɓata ciwo, iska da idon mutane. Litinin Nuriyya ta fita talla, tire a ka, hannun daman a rungume a ƙirji. Talata zazzaɓi ya kama ta, Hajiya ta ce lalaci ne, yaran yanzu da sun ga an zaunar da su a falo sai kansu ya kumbura. Ƙudaje suka fara bin ta duk inda ta yi. 'Yan lekol suka daina sayen alokon, ta dawo da shi cike, Hajiya ta ce ita dai ba ta taɓa ganin yarinya mai baƙin jini irin wannan ba. Zuwaira ta ba ta waina biyu a ɓoye, ta ci rabin ɗaya ta ce ta ƙoshi. Wannan ya fi komai tayar wa Zuwaira hankali, don ta san yadda Nuriyya ke cin waina.

Ta koma wurin Alhaji Mati ta yi ta mita har ya ce a sake anket. Gaskiya bai yi wuyar shawo kai ba, Ɗantani ma tun Lahadi yake maganar kifin nan. Aka sake sanarwa, aka zo Laraba, aka sake tarar da ƙunshi a hannu biyu.

"Kai, yarinyar nan da son ado take," in ji Alhaji Mati.

Malam Zainulabidin ya shaƙi iska, ya sake shaƙa. "Hajiya, wani ɗan wari nake ji."

"Daddawa ce, Malam, ta Maraɗi, jiya ta iso. In ƙulla maka ta gida?"

Malam ya ce to, Allah ya saka. Amma idonsa na kan Nuriyya. Ya ga gumi a goshinta duk da fanka na kaɗawa, ya ga leɓenta ya bushe ya tsage. Zuwaira ta ga ya buɗe baki, zuciyarta ta ce yau dai za a yi ta. Daidai nan ruwa ya sauko, ya hau dukan kwanon falon kamar ana zuba tsakuwa. Malam ya saurara, ya rufe bakinsa, ya ɗaga hannu ya yi wa yarinyar doguwar addu'a mai daɗi. Kowa ya shafa, ban da Nuriyya da ba ta da hannun shafawa.

A ranar nan Zuwaira ta karya doka. Ta samo lambar ofishin kula da yara na gwamnati wurin wata mai sayen wainarta, ta kira, ta faɗi gidan, ta ƙi faɗin sunanta. Ofishin kuwa mutanen kirki ne masu bin tsari, sai suka fara tuntuɓar shugaban al'ummar don neman haɗin kai. Alhaji Mati ya ba su haɗin kai iyakar haɗin kai. Da ya ji motar ofis ta lalace, nan take ya sa aka tura motar Alhaji Baraka ta ɗauko ma'aikaciyar ranar Juma'a.

Madam ɗin ba ta jin Hausa, Nuriyya kuma Faransancinta bai wuce na talla ba, saboda haka Ɗantani ya zama tafinta. Madam ta durƙusa gaban yarinyar ta yi mata tambaya a hankali. Nuriyya ta sunkuyar da kai ba ta ce uffan ba. Ɗantani ya yi gyaran murya ya zuba Faransanci na minti biyu, har da cewa yarinyar tana gode wa gwamnati.

"Ban ga ta buɗe baki ba," in ji Madam.

"Kunya ce, Madam, haka yaranmu suke. Amma mu mun san abin da take nufi."

Madam ta ce tana so ta ga hannun. Alhaji Mati ya miƙe tsaye ya baza riga, ya yi bayani da Faransancinsa na ranar biki. Ya ce ƙunshi al'ada ce tun kakanni, kwance shi kafin ya kama cin mutunci ne ga duk ɗan Nijar daga Adjamé har Agadas, kuma bai yi tsammanin haka daga ƙasar da ta karɓe su hannu biyu ba. Madam ta dubi ledar, ta dubi dattawan, ta dubi agogo. Gidaje tara ke jiranta, direban da zai kai ta kuma na Alhaji Baraka ne. Ta rubuta takarda a kawo yarinyar ofis bayan mako biyu, ba ƙunshi. Ta ƙi cin abinci dai, kuma a duk abin da ya faru ranar wannan ne ya fi ɓata wa Hajiya rai.

Da yamma Zuwaira ta gaishe da Hajiya a tsakar gida. Hajiya ta dube ta sama da ƙasa ta wuce. An gane wadda ta kira ke nan.

Asabar da safe Zuwaira ta ɗauko robar ƙulli za ta kasuwa, sai ta lura ba ta ji ƙarar tsintsiya ba. Ta leƙa bayan durom ɗin ruwa. Nuriyya na kwance kan siminti, ido rabi a buɗe, jiki kamar garwashi, tana magana da wata wadda ba ta nan, tana ce mata Inna.

Zuwaira ta tuna da teburinta, ta tuna da ɗakinta, ba za a ce ba ta tuna ba. Ta sauke robar a ƙasa, ta kwance gyalenta ta goya yarinyar kamar jaririya, ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba. Woro-woro, ƙaramar motar haya ta haɗin gwiwa, ya sauke su Indénié, fasinjoji na toshe hanci, wata mata kaɗai ta taɓa ƙafar yarinyar ta ce, "Yako," wato sannu. Daga nan ta tare taksi, suka haye gada zuwa Treichville.

A asibiti nas ta sa almakashi ta yanke ledar. Zuwaira, wadda ta sha yi wa gawa wanka, ta juya fuska ga bango. Likitar, wata budurwa mai tabarau, ta tambaye ta kwana nawa.

"Goma sha ɗaya."

"Babu manya a gidan?"

"Akwai. Suna anket."

Likitar ta ce da an kawo ta a makon farko, man shafawa ne da bandeji. Yanzu kuwa ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun mutu, sai an cire su, kuma a gode wa Allah da abin bai kai ga hannun duka ba. Ta kira ofishin kula da yara da kanta. Madam ta zo, wannan karon a gbaka, bas ɗin haya. Ta ga hannun, ta fita ta zauna a benci ta rubuta cewa yarinyar ba za ta koma gidan nan ba.

Komite kuwa, wanda ke buƙatar kwana biyu kafin ya taka gidan mutum, kafin azahar ya zauna. Ɗantani ya bugo wa Zuwaira waya ya ce ana nemanta yanzu-yanzu. Da aka fito da Nuriyya daga ɗakin tiyata tana barci, ta tafi.

Dattawa sun cika shagon Alhaji Mati. Laifinta biyu ne, satar yarinya daga gidan mariƙiyarta da tona asirin 'yan Nijar a gaban baƙi. Kafin a fara Alhaji Mati ya ɗaga hannu.

"Saboda adalci, duk wanda ke da alaƙa da Zuwaira, ta jini ko ta aure ko ta cin arziki, shi tashi shi hita. Ba mu son son kai a wannan zama."

Wani tsoho ya ɗaga yatsa a hankali ya ce shi dai kullum da wainarta yake karyawa, wani lokaci ma takan ƙara masa ɗaya. Aka yi shawara, aka ce ya fita. Ya lalubi takalmansa ya fita.

Zaman bai kai minti goma ba, ko ruwa ba a kawo ba. Aka yanke hukunci ta ɗauke teburinta daga ƙofar shagon goro, ta bar ɗakin kafin ƙarshen wata. Aka tambaye ta ko tana da magana.

"Yatsu biyu aka cire," in ji ta. "Ɗantani, rubuta. In kuna son su don rapor, suna lopital, ba a kai ga zubarwa ba."

Ɗantani bai rubuta ba. Malam Zainulabidin ya kafa wa carbinsa ido. Alhaji Mati ya ce wannan ƙaddara ce, kuma ba ita ce a gaban komite ba yau.

Abin takaicin, babu ɗaya a cikin mutanen nan da ya taɓa ɗaga hannu ya doki Nuriyya, kuma kowannensu zai rantse da Alƙur'ani yana son yara. Sun san dokar tashi a fita sarai, ga shi sun yi ta a kan tsoho da wainarsa. Da ɗayansu ya tashi tun ranar farko ya ce, ni ɗan uwanta ne, a nemo wani, da yarinyar na da yatsunta goma. Amma kowa ya zauna, aka zuba masa kifi, ya ci.

Zuwaira ta koma Treichville kafin magariba, ranta a dagule, ƙafafunta na ciwo. Nuriyya ta farka. Tana kwance tana kallon farin bandejin, nas ta riga ta gaya mata ta bakin wata mai jinya Bahausa. Ba ta yi kuka ba. Da ta ga Zuwaira sai ta yi mata alama ta matso, ta dubi ƙofa, ta rage murya.

"Tanti, in Hajiya ta tambaya, don Allah ki ce mata ba ni na ce a yanke ba."